'Yar Kurmi a Ɗakin Randunan Gwaggo Shatu

Duk wanda ya shiga gidan Gwaggo Shatu a Daura, ƙanshin jiƙaƙƙen yumɓu ne zai fara tarbarsa. Abu na biyu kuma faɗa ne, in dai ya kuskura ya ɗaga buhun da ke rataye a ƙofar ƙaramin ɗakin nan na kusurwa ba tare da ya tambaya ba. Ni Madina 'yar wanta ce, ubana da ita ciki ɗaya suka fito, aurena ma a bayan layinsu yake, amma ban tsira ba. Matar mai unguwa ma ta taɓa shan nata, ta fita tana gyara mayafi tana cewa ita dai gaisuwa ta kawo.

Ba zinariya ce a ɗakin ba. Randuna ne goma sha biyu jere a jikin bango, ƙasa yashi ne mai danshi, a tsakiya kuma wani faffaɗan kasko da 'yar bishiya a ciki. Shekararta goma a gidan, tsawonta bai kai ƙugun Gwaggo ba, ita kuwa Gwaggo kowa ya san ba doguwa ba ce. Dangin kwakwa ce, daga kurmin kudu aka kawo ta, kuma tunda ba wanda ya riƙe sunan da mutanen can suke kiranta da shi, sai muka sa mata 'Yar Kurmi.

A Sandamu aka haifi Gwaggo, a gidan masu ginin tukwane. Tun tana 'yar shekara bakwai uwarta ta zaunar da ita gaban yumɓu, kuma har yau da ta haura sittin da biyar ba ta tashi ba. Hannunta kaushi gare shi, bakinta ma haka. Randa in ta fito daga wuta sai ta ƙwanƙwasa ta da bayan yatsa ta kasa kunne. In sautin bai yi mata ba, a nan take za ta fasa ta, ko da mai saye yana tsaye yana cewa shi ya ji ya gani. Da firji da robobi suka cika gari aka rage sayen randa, ba ta ko girgiza ba. Cewa ta yi duk ranar da aka ɗauke wuta za su tuna hanyar gidanta, kuma ai kun san sau nawa ake ɗauke wuta.

Mijinta Baba Maliki direban babbar mota ne. Shekara talatin yana ɗaukar shanu daga Mai'adua ya kai kudu, ya dawo da manja da katako. Dogo ne, mai sanyin magana, mai son ba da labari. Allah bai ba su haihuwa ba, su biyu suka yi zamansu. In ya dawo daga tafiya ya huta, bayan sallar la'asar sai ya fita majalisarsu ta gindin darbejiyar da ke ƙofar gidan, inda dattawa bakwai suke zama, ya kwance musu abin da ya gani a hanya.

Wata shekara motarsa ta lalace a wani ƙauye gaba da Ikom, kusa da iyakar Kamaru. Kwana tara ya yi yana jiran a kawo kayan gyara. Wani maharbi da ya saukar da shi ya ja shi cikin kurmi, da ya dawo Daura kuwa labarin nan ya fi kowane zama a bakinsa. Ya ce ya shiga dajin da rana tana tsaka amma a ƙasa kamar magariba, ganye ya rufe sama ruf, ƙasa ba ta taɓa bushewa. Ya ce a cikin wannan duhun akwai wata kwakwa da take tsufa, ta yi fure, ta yi 'ya'ya, amma ba ta wuce ƙugun mutum, kaurin jikinta kuma bai fi ɗan yatsa ba. Rana in ta taɓa ta, mutuwa take yi.

A nan ne Baba Sada ya shigo. Shi taubashin Baba Maliki ne, ɗan mace da ɗan namiji, akwai wasa a tsakaninsu tun suna yara, kuma kun san wasan taubasai ba a fushi da shi. Garkar dabino gare shi a hanyar Zango, ba wanda ya kai shi sanin dabino a unguwar. Ya saurari labarin har ƙarshe, sannan ya gyara hula.

"Dabino na sani, goriba na sani, giginya na sani," in ji shi. "Duk danginsu sama suke nema, rana ce abincinsu. Kai dai Maliki ka buɗe mana tashar kurmi kawai. Jama'a, a ƙara wa rediyon nan murya!"

Majalisa ta fashe da dariya. Daga ranar sunan ya bi shi: Maliki Rediyo. Da farko shi ma dariya yake yi. Amma wasa in ya fita daga bakin taubashi ya shiga bakin gari, ya daina zama wasa. Matasa suka ɗauka, mata suka ɗauka a gidajen biki, ni ma na faɗa, ba sau ɗaya ba, kuma ina jin kunyar hakan har yau. Wata rana aka yi gardamar iyakar gona tsakanin wasu maƙwabta biyu, Baba Maliki yana wurin lokacin da aka kafa iyakar tun asali. Ya miƙe zai faɗi abin da ya sani, sai wani daga cikin masu gardamar ya ce a samo wani shaidan dai, ban da Rediyo. Mutane suka yi murmushi, aka wuce maganar. Gwaggo ta ce ranar tuwon da ta ajiye masa haka ta ɗauke shi, ko malmala ɗaya bai taɓa ba.

A tafiyarsa ta ƙarshe, cikin 2014, ya ratse ya koma ƙauyen nan. Maharbin ya rasu, amma ɗansa ya gane shi, ya shiga daji ya haƙo masa ƙarama guda ɗaya. A gwangwanin fenti ya sa ta, ya lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu, ya tura ƙarƙashin kujerarsa. Kwana uku yana tuƙi yana tsayawa yana yayyafa mata ruwa. Da ya iso ko wanka bai yi ba ya kai ta majalisa. Tsawonta taƙi ɗaya, ganye huɗu, kowane ganye da baki tsaga-tsaga kamar akuya ta ɗan gutsura.

Baba Sada ya leƙa gwangwanin ya yi dariya har da tari.

"Wannan ai jaririya ce. Kowane dabino da haka yake farawa. Ko dai ta yi tsawo, ko ta mutu, duk wanda ya faru ni ke da gaskiya."

"A haka za ta haihu, kuna gani," in ji Baba Maliki.

"To, ranar da ta haihu ba ta wuce ƙugu ba, ni Sada zan tsaya a gindin bishiyar nan in ce ka yi gaskiya. Ga shaidu."

Sati guda a gida 'Yar Kurmi ta fara langaɓewa. Baba Maliki ya kai ta bayan ɗaki, ya kai ta ƙarƙashin rumfa, ya rasa inda zai sa ta. Gwaggo tana kallonsa kawai, don ita a lokacin gani take aikin banza ne. Rana ta takwas ta gaji da ganin dattijo yana yawo da gwangwani a tsakar gida, ta karɓe, ta kai gindin randunanta inda yashi ba ya bushewa, ta ajiye. Cikin kwana uku ganye ya miƙe. Ta gina mata kasko, suka juye ta a ciki.

Da daminar da ta biyo baya hawan jini ya kayar da Baba Maliki, kwana shida ya yi a kwance Allah ya karɓi abinsa. Mutane suna so in ce ya bar wasiyya a kan bishiyar. Bai bari ba, bakinsa ma bai buɗu ba a kwanakin nan, kuma ba zan ƙara gishiri a labarin mutumin da aka zalunta da sunan maƙaryaci ba. Abin da na sani shi ne, ranar sadakar uku wani ya zo gaisuwa, ya tsaya a zaure yana tambaya ko nan ne gidan marigayi Rediyo. Gwaggo ta ji daga ciki. Wata huɗu da kwana goma na takaba, kusan kullum na zo a ƙofar ɗakin randuna nake samunta a zaune. Ba ɗa ya bari ba balle ɗan ya tsaya masa, daga ita sai abin da ke cikin kaskon nan.

Yanzu ga inda nawa laifin yake. Wata Lahadi cikin bazarar 2016, Gwaggo ta kai tukwane kasuwar Mai'adua ta bar mini gidan. Da hantsi Baba Sada ya yi sallama. Tun rasuwar taubashinsa yakan kawo wa Gwaggo ɗan abin garka, albasa ko tumatir, ya ajiye a zaure ya tafi. Mutuwar ta taɓa shi fiye da yadda yake nunawa. Ranar sai ya ce in nuna masa bishiyar Maliki. Na kai shi. Ya tsaya yana dubanta cikin duhun ɗakin yana girgiza kai.

"Haba, Madina. Shekara biyu a ce ko taƙi biyu ba ta kai ba? Ai Shatu yunwa take kashe ta da ita. Abin da Maliki ya bari ke nan, a bar shi ya lalace a duhu? Kama mini."

Wallahi da zuciya ɗaya ya faɗa, kuma da zuciya ɗaya na yarda. Mu a nan me muka sani? Abin da aka shuka rana yake so, gero rana, gyaɗa rana, dabino kuwa ba a magana. Mutumin da ya shekara arba'in yana renon dabino ya ce a fitar, ni wace ce? Ni na ɗage masa buhun ƙofa. Ni na share wuri a tsakiyar tsakar gida inda ba inuwa ko ta tsinke. Ya ciro takin awaki daga buhun da ke bayan babur ɗinsa ya zuba mata har baki, ya ba ta ruwa, ya wanke hannu yana jin ya yi wa ɗan'uwansa alheri. Maganar Baba Maliki cewa rana tana kashe ta, ba wanda ya tuna a cikinmu, don tun farko ba mu ɗauke ta magana ba.

Na shiga ɗaki na kama tsintar shinkafa. Zafin ranar nan, ko takalmin roba sai ya yi laushi. Da la'asar Baba Sada ya dawo don ya nuna wa Gwaggo gyaran da ya yi, suka yi kiciɓis a zaure, suka shigo tare. Ganye bakwai ne da ita da safe. Duk bakwai ɗin sun ƙone sun naɗe, kamar an bi su da dutsen guga.

Na shirya wa ihu, amma Gwaggo ba ta yi ba. Ta ajiye gammonta, ta cire mayafi, ta tsoma shi a randa, ta lulluɓe kaskon, ta rungume shi ita kaɗai ta mayar ɗaki. Kasko ne da mu biyu muka ɗauka da ƙyar. Da ta fito sai ta tsaya gaban Baba Sada, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Malam Sada, da ransa kun hana a yarda da maganarsa. Yanzu kuma shaidar da ya bari kuka zo kashewa?"

"Shatu, wallahi gyara na zo yi."

"Na sani. Kada ka ƙara taka cikin gidan nan sai ranar da na aika a kira ka."

Ya juya ya fita, har ya manta buhun takinsa. Ni kuwa sati biyu ba ta amsa gaisuwata da abin da ya wuce "lafiya" ba. Na yi kuka a gidana, don na fi son ta zage ni.

Abin da ta yi bayan nan shi ne dalilin da ya sa nake rubuta labarinta. Ta kwashe takin da hannu, ta canza ƙasar da ruɓaɓɓen ganyen da ta tono a gindin mangwaron maƙwabta. Ta yanke ƙonannun ganyen duka, ya rage ɗan kara guda tsaye kamar tsinken tsire. Sannan ta zauna ta yi tunani irin na mai sana'a. Marigayi ya ce a can iska ma jiƙe take. To, ita me take da shi da zai jiƙa iska? Randa. Amma randarta mai kyau ba ta zufa sosai, abin da aka san ta da shi ke nan. Sai ta kwaɓa yumɓu ta cika masa ƙaiƙayi fiye da ƙa'ida, ta rage masa wuta wajen gashi, ta fitar da randuna masu tsattsafo, irin waɗanda in ka cika da safe, kafin yamma jikinsu ya jiƙe sharkaf ruwan ya ragu. Irin randar da ta shekara hamsin tana fasawa don kada a ce daga hannunta ta fito. Ta ce da uwarta na da rai ta gan su, da sai ta sha duka da muciya.

Goma sha biyu ta gina ta jera su kewaye da kaskon. Ta sa aka huda bangon arewa can sama, ta toshe da guntun asabari don haske ya riƙa shigowa a tsattsage. Buhun ƙofa kuma ta riƙa jiƙa shi da asuba, da azahar, da la'asar. Ta lura ruwan rijiya yana barin wani farin gari a kan ƙasar kaskon, sai ta ware manyan randuna uku na kirki, da damina ta tara ruwan sama ta liƙe bakinsu da yumɓu, na shan 'Yar Kurmi kaɗai. In ka shiga ɗakin nan da tsakar bazara, sai ka ji sanyi da danshi sun dafe maka fuska.

Kwana arba'in karan nan bai motsa ba. Na ce a raina ta mutu, Gwaggo gawa take wa hidima. Rana ta arba'in da ɗaya na shigo da safe, ta kira sunana, karo na farko tun ranar Lahadin nan. Ta nuna mini wani ɗan kore siriri kamar allura yana leƙowa daga tsakiyar karan. Ba ta yi murmushi ba, cewa kawai ta yi in rufe buhun da kyau in zan fita.

Daga nan sai shekaru. Gwaggo ta daina kwana a ko'ina. Biki a Sandamu, suna a Zango, da yamma tana gida. Na yi na yi ta dawo gidanmu da zama, ta ce in tambayi mijina ko zai ba randuna goma sha biyu ɗaki. Mata suka ce rashin haihuwa ne ya sa ta mai da ciyawa 'ya. Da maganar ta zo kunnenta ta ce tata dai ba ta taɓa zagin kowa a hanya ba, su je su duba nasu. Ta ja layi da gawayi a bango daidai ƙugunta, duk Babbar Salla sai ta auna da zare. Tsoro biyu take ciki: kada ta mutu, kada kuma ta wuce layin. Bishiyar dai ganye biyu ko uku take yi a shekara, ba ta gaggawa.

Su kuwa dattawan majalisa suna ta raguwa. Bakwai suka koma biyar, biyar suka koma uku. Duk wanda aka ce ya rasu, Gwaggo ta yi masa addu'a, sannan ta shiga ɗakin randuna ta daɗe. Na san abin da ke damunta, shaidu ne suke ƙarewa. Da Baba Sada ya kwanta ciwo a 2022 har aka fara cire rai, ta dama kunun tsamiya ta zuba a kwano ta miƙo mini.

"Kai masa. Ki ce ina gaishe shi da jiki. Ki kuma ce na ce kada ya kuskura ya tafi, akwai maganar da bai faɗa ba."

Na faɗa masa kamar yadda ta ce. Yana kwance ya yi dariya har hawaye suka zubo, ya shanye kunun tas. Ya tashi kuwa, sai dai da sanda.

Da daminar 2023 wata siririyar zangarniya ta fito daga tsakanin ganye, ɗauke da ƙananan fure. Gwaggo ta hana kowa shiga, har ni. Bayan sati uku furen ya kaɗe duka, ko ɗa ɗaya bai kama ba. Ranar na ga Gwaggo ta tsufa a idona. Na je na gaya wa Baba Sada, don ya saba tare ni a hanya yana tambaya a kaikaice. Ya ce shi dai abin da ya sani a dabino, fure ba ya kamawa sai an kai masa garin wani furen. A daji ƙwari ne da iska suke yi, ita kuwa ta rufe ɗaki ko ƙuda ba ya shiga. Ya ce in ce mata in ya sake fitowa ta samu gashin kaza mai laushi ta riƙa shafawa daga wannan fure zuwa wancan, kullum da safe, har su ƙare.

"Wa ya tambaye shi?" in ji Gwaggo da na isar. "Wancan gyaran da ya yi bai ishe shi ba?"

Da daminar bara ta zo, zangarniya biyu suka fito. Na shiga wata safiya na ga gashin kaza fari soke a tsagar bango, kusa da layin gawayi. Na dube shi, na dube ta, ta ce in ba ni da aikin yi ga wanke-wanke can.

Uku suka kama. Watanni suna kore, 'yan dogaye, kowane bai fi gaɓar yatsa ba. Sannu a hankali suka juya suka yi launin manja. Ranar da suka nuna sosai, Gwaggo ta auna da zarenta, saura yatsa huɗu bishiyar ta kai layi. Ta yi wanka, ta ɗaura atamfar da take zuwa biki da ita, ta ce in je in kira Malam Sada, in biya in taho da Malam Auta, don su biyu ne suka rage cikin bakwai ɗin.

Shekara takwas rabon Baba Sada da cikin gidan. Ya shigo yana dogara sanda, Malam Auta yana bayansa. Gwaggo da kanta ta ɗage buhun. Ya tsaya har idonsa ya saba da duhun, bai ga komai ba daga tsaye, dole ya ba ni sandar ya durƙusa a kan yashi. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana ɗaga kai sama yana duban nonon dabino, ranar sai da ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashin ganye. Ya sa yatsa ya taɓa ɗaya. Ya daɗe a haka.

"Shatu," ya ce, "Maliki ya yi gaskiya."

"Ni na sani tun ranar da ya faɗa. Ba a nan ka yi alkawari ba."

Ta tsinke ɗaya daga cikin ukun ta sa masa a tafin hannu.

Bayan sallar la'asar gindin darbejiya ya cika, don Malam Auta ya bi masallaci ya ce kowa ya tsaya. Yawancinsu matasa ne, wasu ma ba su san fuskar Baba Maliki ba, sunan kawai suka gada. Mace ba ta zama a majalisa, sai Gwaggo ta tsaya a cikin zaure bayan ƙyaure, ni ina gefenta. Baba Sada ya miƙe, ya jingina sandarsa da bishiya, ya ɗaga abin da ke hannunsa sama.

"Ku da kuka san shi, da ku da ba ku san shi ba, ku saurara. Mai gidan nan sunansa Maliki. Wancan sunan ni na laƙaba masa, kuma ƙarya na yi. Abin da ya faɗa gaskiya ne, ga shi a hannuna. Ya Allah ka gafarta masa, ni ma ka yafe mini."

Aka amsa da amin. Wani ya miƙo hannu, ɗan 'Yar Kurmi ya fara zagaya majalisa daga tafi zuwa tafi. Wani matashi ya tambaya a ina ake samun irin wannan, sai Baba Sada ya zauna a daidai inda taubashinsa yake zama, ya gyara murya, ya fara ba su labarin dajin da rana tana tsaka amma a ƙasa kamar magariba. Ba wanda ya yi dariya. Na dubi Gwaggo, hawaye yana bin fuskarta ba ta share ba, haɓarta a ɗage. Ban taɓa alfahari da wani mutum kamar yadda na yi da ita a wannan lokacin ba.

"Motarsa ce ta lalace," Baba Sada yake cewa, "ya yi kwana bakwai a ƙauyen..."

Gwaggo ta damƙi hannuna.

"Tara ne. Leƙa ki gaya masa kwana tara ne. Maganar maigidana ce, ya faɗe ta daidai."